Gaisuwar da Ta Rage wa Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ke kuma Ya biya ki ɗawainiyar da kike yi. Na ji 'yar wajenki ta fara tafiya har tana janye wa baƙi takalma, Allah Ya raya ta. Na kuma ji Kawu ya yarda an yi masa aikin ido, bayan duk kurarin da ya sha yi cewa ba mai kusantar sa da wuƙa yana numfashi. Ni ma lafiya, irin lafiyar da ake faɗa a baki. Ƙafa tana kumbura in na wuni a tsaye, abokin ɗakina yana nan da minsharinsa, takardun izinin zamana a ƙasar nan kuma suna hannun mutanen da ba su san gaggawa ba. In na fito babu komowa, in na zauna babu ganin gida. An ce zumunta a ƙafa take, to ni tawa ƙafar a ɗaure take.

Na zaɓi rubutu ne don na san halina a waya. Kin ji yadda muka rabu da Yaya Babba, na ɗaga masa murya kamar ba shi ya goya ni ba. A takarda ko na yi zafi, kafin ta iso ta huce.

Bari in fara da abin da ke cina, in sauke shi in huta. Wata da watanni ina kira, ki kai wa Inna waya, ta gaishe ni tsaf ba tuntuɓe: ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, a gaida mutanen gida, Allah Ya yi albarka. Tana kai nan sai ki karɓe, ki ce lokacin shan magani ya yi. Kun gaya mini hannun dama da ƙafa ne suka shanye, ba ku ce magana ma ta tafi ba. Ni kuwa na lura da abu ɗaya, ta daina yi mini faɗa. Inna fa, wadda ba ta bari in gama sallama sai ta kira ni Sarkin Ƙorafi ta ce yau kuma wa ya taɓa ni, ta ce na tsufa ba mata kamar tsohon kwando, ta ce in aiko hoto ta gani ko kunnuwan sun ƙara fitowa. Duk wannan ya ɗauke ɗif. Sai na ɗauka fushi take, ta gaji da jiran ɗan da ba ya zuwa, ta mayar da ni baƙon da ake gaisawa da shi a sallame shi. Haka na yi ta yawo da wannan dutse a ƙirji, ban gaya wa kowa ba. Sai ranar da na sanar da ita rasuwar abokin tafiyata, wanda ta ɗinka mana kayan makaranta daga yadi ɗaya, ta amsa mini da to, madalla, a gaida gida. Kin san sauran, don ke na titsiye har kika fashe da kuka kika faɗa mini gaskiya. Na san don ni kuka ɓoye, kun ce me zan iya daga nan in ba damuwa ba. Ban ce kun yi mugunta ba. Amma kun bar ni ina zargin uwata da abin da ba ta yi ba, wannan kam ya yi mini ciwo.

Kin san aikina a asibiti, tura keken marasa lafiya daga ɗakin kwana zuwa inda ake yi musu gashi da motsa jiki. A ƙarshen barandar akwai wani ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya, da madubi, da kwali cike da hotuna da cokula da makullai, nan malamar da ke taimaka wa waɗanda magana ta ɗauke musu take zama. Na daɗe ina kai mata mutane ina jira a bakin ƙofa, kuma ba na ɓoye miki, raina aikin nake, ina cewa wannan wasan yara ne aka ba shi ofis. Akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa da nake kaiwa, in ta nuna masa cokali sai ya yi ta zufa sunan ya ƙi fitowa, amma in na buge masa gwiwa da ƙofa sai ya zage ni tas, zagi mai kai da ƙafa, ba gargada. Ni da nake ganin wannan kullum ban taɓa kawo Inna a raina ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan mun yi magana da ke na cire kunya na tsayar da malamar, na ba ta labari. Ta ajiye abincinta ta saurare ni, Allah Ya saka mata. Ta ce ciwon magana ba iri ɗaya ba ne. Wani harshensa da leɓensa ne suka yi nauyi, maganar tana nan cikakkiya a kansa, in ka ba shi biro zai rubuta. Wani kuma bakinsa lafiya lau, inda ake haɗa maganar ne ya taɓu. Ta ce masana harshe sun daɗe suna ja-in-ja: wasu sun ce mutum ƙa'idoji ne a kansa, da su yake gina kowace magana sabuwa fil, wasu sun ce yawancin abin da muke faɗa a haɗe muka ɗauke shi tun muna yara, a haɗe muke mayar da shi. Ta yi dariya ta ce ita marasa lafiyarta sun nuna mata kowane ɓangare yana da rabon gaskiya, don sau da yawa ginin sabuwar magana yakan rushe, amma gaisuwa da addu'a da waƙa da zagi su tsaya da ƙafarsu. Da na ce mata Inna tela ce, sai ta ce to in ɗauka kamar shagon da almakashi ya ɓace: rigunan da aka riga aka ɗinka suna rataye, ana iya miƙa wa kowa, amma ba halin a yanka sabuwa daidai jikin wanda ya shigo. Ta tambaye ni yaya tsawon gaisuwarmu. Da na jero mata tun daga kwana har gajiya har iyali, sai ta riƙe baki, ta ce mutum zai iya ɓuya a cikin wannan ya daɗe ba a gane ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin ce Yaya ya zo ya zauna a bakin gadonta, gaban Goggo, ya tambaye ta ko ta yarda ta koma gidansa, ta ce to, madalla, shi ke nan aka sa ranar kwashe kaya. Auta, wannan madallar ita ce dai wadda ta ba ni da na sanar da ita mutuwar abokina. Ba amsa ba ce, ita ce rigar da ta fi kusa da hannunta. Ke da bakinki kika ce tun ranar take juya fuska bango in an kawo abinci, kuma da masu ɗaukar kaya suka zo duba kayan suka taɓa keken ɗinkinta ta damƙe murfin da hannun hagu tana hawaye, bakin kuma yana ta sa musu albarka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ban ce Yaya yana da mugun nufi ba. Gidansa ya fi kusa da asibiti, matarsa mai haƙuri ce, kuma ya ga yadda bayanki ya ƙage da ɗaga ta da kwantar da ita. Shi ke kai ta ganin likita, ni ban taɓa ɗaga ta ko sau ɗaya ba, na san mai nesa ya fi kowa iya tsara yadda za a yi. Amma gidansa bene ne, tagarsa bangon maƙwabta take kallo. A ɗakinta kuwa gadon yana jikin taga, tana ganin mai gyaran takalmi a gindin falwaya, tsofaffin masu kawo mata ɗinki suna leƙowa su gaishe ta ta amsa. Abu ɗaya da bakinta yake iyawa ke nan, a can sama wa za ta yi wa?

Malamar ba ta yanke hukunci ba, ni ma kada in yi mata ƙarya. Ta ce ba ta ga Inna ba, kuma akwai waɗanda fahimtar ma takan taɓu, don haka sai an gwada, in da hali a nemi mai irin aikinta a kusa da ku. Ta ce kada a dogara da i ko a'a, don a bakin irin waɗannan sukan sauya wuri. Ga yadda ta koya mini. Ki zaɓi lokacin da ta huta, a kashe rediyo, a fitar da yara. Ki fara da abin da kin san amsarsa: ki ajiye kofi da tsintsiya ki ce ta nuna miki abin shan ruwa, ki sauya musu wuri ki sake. In tana dacewa, to tana jin ku sarai, har da maganganun da ake yi a kanta kamar ba ta wurin. Daga nan ki ajiye makullin ɗakinta a gefe ɗaya, hoton gidan Yaya a ɗaya gefen, ki tambaye ta a taƙaice ina take so ta zauna. Kada ki ƙarasa mata, kada Goggo ta ce ai ga abin da take nufi. Ku jira ko shirun ya yi muku tsawo. Ku sake washegari, kuma Yaya ya kasance a wurin ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ki ba shi takardar nan ya karanta, ban rubuta abin da zan ji kunyarsa ba.

In ta nuna gidan Yaya, wallahi na rufe bakina, zan kira shi in ba shi haƙuri sau biyu, na ɗaga murya da na zargi. In ta nuna makullinta, to a bar ta a ɗakinta, mu zauna mu uku mu ga yadda za a sauke miki nauyi, ko a samo mai taya ki, ko matar Yaya ta riƙa karɓar ki. Ba daidai ba ne zaɓin Inna ya zama hukunci a kanki. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a fitar da matar da ta yi rayuwarta ba a taɓa yanke mata magana ba, a ce kuma ita ta yarda.

Ki gaishe mini da Yaya Babba da iyalinsa, da Goggo, da Kawu mai sabon ido, ki ce masa yanzu ba shi da hujjar wuce mutane ba gaisuwa. Ki gaida maigidanki, ina gode masa da haƙurin da yake yi da gidanmu. Ki shafa mini kan yara.

Roƙona na ƙarshe naki ne ke kaɗai. In na kira, ta gama gaisuwar, kada ki karɓe wayar. Ki bar ta a kunnenta ki je ki yi aikinki. Zan ba ta labarin nan duka, ta ji ko da ba za ta amsa ba, in kuma ta yi shiru zan saurari shirun, na san numfashin uwata.

Wassalam. Naki har kullum,
yayanki na nesa.