Ɗigon Fensir a Kusurwar Hagu

Zuwa ga Anti mai zane,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Ni ɗalibar aji biyar ce, kuma ni ce na ɓata miki zanenki da ke rataye a zauren laburare. Na ji ana yi wa baba mai gadi faɗa, shi kuwa ba ruwansa.

Takardar da ke gefen zanen ta ce akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda idan suka taso tare, ko an raba su, da ka auna ɗaya ka san halin ɗayar. Amma ɗigo ɗaya kawai na gani a cikin shuɗin fentin zanen. Mu tagwaye ne. Ƙarama ta rasu bara, har yanzu Umma kofi biyu take ɗaukowa da safe. Na ɗauka mantuwa kika yi, sai na sa ɗigo na biyun da fensir. Hannuna ya riga hankalina.

Idan za a goge, don Allah a bar ni in goge da kaina.

Ki huta lafiya,
Ɗalibar aji biyar

'Yata,

Wa alaikis salam. Allah ya jiƙan 'yar'uwarki, ya ba Ummanki haƙuri. Mai gadi ya tsira, har cewa ya yi da ma shi ma zanen bai yi masa kama da gamamme ba.

Ban manta ba. Ɗigo na biyu yana kan wani allon, a ɗakin karatun maigidana, malamin Fiziks, wanda ya rasu shekara huɗu ke nan. Shi ya koya mini zancen ƙwayoyin, ina wanke buroshi ina cewa ya cika surutu. Mutane da yawa sun tsaya gaban zanen nan suna gyaɗa kai. Ke kaɗai kika lura akwai wanda babu.

Ba za a goge ba. Na fesa wa ɗigon naki abin da zai hana shi kankarewa. Amma nan gaba ki riƙa feƙe fensirinki.

Ki gaishe da Umma,
Antinki

Anti,

Barka da war haka. Na gode, na gode ƙwarai. Na kai Umma ta gani. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce ɗigon ya karkace kamar yadda Ƙarama take ɗaura ɗankwali. Ta yi dariya, Anti. Rabon da in ji dariyarta tun bara.

Na sayi fenti shuɗi, sai dai ban san yadda ake haɗa shi ya yi zurfi irin naki ba. Kin yarda in sake rubuto miki?

Taki,
Mai fensir