Jinka a Ingila

Yaya Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina yara, ina mutanen Rara?

Lafiya muke, sai dai gidan. A littattafan da nake karantawa, bene ake kai amarya. Ni gidan jinka anka kawo ni, Yaya, katakon bangon duk a karkace. Maigida ya ce shekararshi ɗari huɗu, hukuma ta hana a taɓa shi, ko ƙusa kada in buga. Mi ya sa mutumin da ya yi wa mahaifiyarshi rufin kwano bara zai zaɓi ciyawa? Ina zargin aikinshi ya ƙare, yana ɓoye mini. Ki bugi cikin ƙanenshi Halliru a hankali.

In Inna ta tambayi gidan, ki ce mata ba ya yoyo. Wannan kam gaskiya ne.

Ƙanwarki,
Surayya