Hannun Waliyyu da Jikan Baba Tamu

Jega Magaji,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga yayana Balarabe, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Fadila da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da gida. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna ta ji sauƙin ƙafa, har takan taka zuwa gidan Gwaggo Zinatu. Khairiyya ta sauke Alƙur'ani, Abdulmalik kuma ya fara koyon ɗinki.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don maganar ta fi ƙarfin waya. Ka san yadda aka tare ƙanenmu Waliyyu a hanyar Maiyama da rana tsaka, aka sare shi a hannu, aka ƙwace babur ɗinsa. Masu ɗorin Aliero sun yi ƙoƙari, ƙashi ya kama, amma yatsunsa uku ba sa lanƙwasawa, ba ya iya riƙe fartanya. Abin da muka ɓoye maka shi ne, cikin mutum ukun da aka kama akwai Nazir, jikan Baba Tamu na Sabiyal.

Na san sunan nan zai tsaya maka a wuya. Gonar Baba Tamu da ta Babanmu kunya ɗaya ce ta raba su, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Rijiya ɗaya suka haƙa a fadama. Ranar cirar albasa sai a haɗu a gama da tamu, kashegari a koma tasu, matarsa Inna Gudiya ta kawo fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya ya zagaya mu duka. Ka tuna ranar da ka saci goba a lambun Sabo? Baba Tamu ne ya tsinka maka tsumagiya, sannan ya rako ka gida, Baba ya yi masa godiya. A lokacin nan mukan taso daga Sabiyal zuwa kasuwar Jega a ƙafa, mu mata zalla, abin da muke tsoro bai wuce ƙaya ba. Yau namiji da ƙarfinsa sai ya yi addu'a kafin ya hau hanyar.

To, ana cikin haka aka fara maganar wata doka da ake son yi a Majalisar Tarayya, wadda za ta tsananta hukuncin masu kai wa mutane hari da makami. Ban fahimci dukkanta ba, amma yadda aka bayyana mana, ba sassauci ba afuwa, kuma wanda ya yi sara da wanda ya raka shi duk ɗaya ne. Manoman albasa na Jega da Aliero da Maiyama suka ce Waliyyu zai bi wakilansu zuwa Abuja, ya nuna hannunsa a zaman jin ra'ayin jama'a. Ni kaina na ce ya je. Wanda bai ga jinin ɗan'uwansa a kan kwalta ba, shi ke cewa a yi haƙuri.

Ana saura kwana biyu tafiyar, sai ga Inna Gudiya a Keke Napep. Yaya, ta tsufa ƙwarai, ta rankwafa. Ta zauna a zaure ta ƙi shigowa, ta ce ba ta da fuskar haɗa ido da Inna. Na ɗauka roƙo ta zo yi, har na shirya amsa. Sai ta ce ba ta zo nema wa Nazir afuwa ba, abin da ya shuka shi zai girba, hannun kawai take so ta gani. Waliyyu ya miƙa mata. Ta riƙe tana shafa tabon, ta ce ita ta yi masa wankan farko ranar da aka haife shi. Daga nan ta tashi ta tafi.

Bayan tafiyarta ne Waliyyu ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya ce Nazir ne ya tsaya a tsakiyar hanya ya tsayar da shi, amma da ya gane shi sai ya ƙwala ihu yana cewa kawunsa ne, a bar shi. Kafin ya rufe baki addar ɗaya daga cikin sauran biyun ta riga ta sauka.

Waliyyu ya je Abuja. Minti uku aka ba shi. Ya nuna hannun, ya ce a yi doka mai ƙarfi, don talaka ya gaji da binne 'yan'uwansa. Sannan ya ba da labarin ihun nan, ya roƙi a bar wa alƙali damar bambanta wanda ya yi sara da wanda ya ce a bari. Wasu abokan tafiyarsa sun ji haushi, wani a cikinsu ma ya ƙaurace masa har suka iso Jega. Waliyyu ya ce mini gaskiya ɗaya ce, ba zai faɗi rabi ya haɗiye rabi ba. Dokar dai har yanzu ana muhawara, Nazir kuma yana tsare yana jiran shari'a.

Ga saƙon Waliyyu gare ka. Lokacin dashen albasa ya matso, shi kuma ba hannu, yana so ka zo ka tsaya a kan fadamar Baba. Ya ce kuma in ka zo, kafin ka shiga gona, ku je tare ku gaida Inna Gudiya, don tun da abin ya faru babu wanda ya taka ƙofar gidanta a Sabiyal. Ni har yau zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ce masa in kun tashi, ku biyo ku ɗauke ni.

Ka gaida Fadila, da Usama da Hidaya. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo Zinatu da Malam Usmanu suna gaishe ka. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya tsare hanya.

Taka ƙanwa,
Aminatu.