Kilishin da Bai Shiga Tokyo Ba

Daren Talata, watan Yuli

Yaya Rifkatu ta kira ni ta bidiyo daga Tokyo. An ƙwace mata kilishi a filin jirgi, wai ba a shiga ƙasar da nama. Shi ne fa guzurinta, don can komai tsada. Mama da kanta ta sayo shi a shagon Gate City, ta cusa a jakar goyon Yaya, har ta cire mata takalma don ya samu wuri.

Yanzu taliyar cikin kofi da ake zuba wa ruwan zafi kawai take ci, tana kwana a wani gado kamar akwati. Ta ce, "Kada ki gaya wa Mama, za ta ce in dawo." Dariya take yi, amma ta rame.

Muna cin tuwo Mama ta ce, "Auta, yayarki ta ce kilishin ya yi daɗi?" Na sunkuyar da kai na ce eh. Ta ce, "To madalla, ba za ta kwana da yunwa ba."

Na kasa gama tuwona. In na faɗa, Yaya za ta daina kirana, kuma ni kaɗai take gaya wa gaskiya.