Makamin Koriya da Addu'ar Engracia

Lakewood, Washington
Agusta, 2017

Tata,

Ina sumbatar hannunka daga nesa. Da fatan kana lafiya, kai da Kiko da iyalinsa da duk mutanen Malesso'. Mu nan lafiya, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Na yi ta kiranka a waya. Kana ɗauka, ka ce "Wane ne? Wane ne?" sai ka ajiye. Shi ya sa na rubuto, na ba wata ƙawata mai zuwa gida ta kawo maka hannu da hannu.

Tata, Koriya ta Arewa ta kira sunan Guam da bakinta. Sun ce za su harbo makamai masu linzami huɗu cikin tekun da ke kewaye da tsibirinmu, kuma minti goma sha huɗu ne tsakanin tashinsu da saukarsu. Kai kuwa daga gado zuwa ƙofar gida kana cin fiye da haka. Surukinka Wayne ya ce a barikinsu babu mai dariya.

Ga tikitin jirgi nan na saya maka. Kiko zai kai ka filin jirgi. Mun gyara maka ɗakin ƙasa, ba sai ka hau bene ba.

Na san lisayun Nana, addu'ar carbi ta kwana tara ta cikar shekara da rasuwarta, yana zuwa a watan gobe. Akwai 'yan Guam da yawa a nan, za mu yi mata kwana taran a cocinmu. Allah yana ji daga ko'ina.

Don Allah kada ka yi mini gardama.

'Yarka,
Milagro


Malesso', Guam
Agusta, 2017

Zuwa ga 'yata Mila,

Bayan gaisuwa mai yawa, Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki da jikokina. Na ga wasiƙarki, na ga tikiti. Na sa shi ƙarƙashin gunkin San Dimas don kada iska ta ɗauke shi, kuma nan zai zauna.

Kin ce kada in yi gardama. Ba gardama zan yi ba, darasi zan ba ki, tunda tarihi na koyar a makarantar garin nan har furfura ta kama ni.

Ina ɗan shekara bakwai jiragen Japan suka zo. Ranar idin Santa Marian Kamalen ce, mutane suna coci. Babu wanda ya yi mana shela a rediyo cewa zai zo, balle ya faɗi jirage nawa zai turo. Wannan na Koriya kuwa ya faɗi huɗu, ya faɗi hanyar da za su bi, ya faɗi inda za su faɗa, kamar mai gayyatar biki. Kin san ƙaguwar kwakwa idan an ritsa ta a rami, yadda take ɗaga ƙafarta mai tsini tana buɗewa tana rufewa. In kin zura hannu za ta cire miki yatsa, amma ba ta biyo mutum gida. Koriya ta Arewa haka take. Talauci ya ci ta, ba ta da aboki na gaskiya, abu ɗaya ta mallaka da ke sa a ji tsoronta. Ranar da ta harbo shi kanmu, a ranar za ta ƙare, kuma mai mulkinta ya fi mu sanin haka. Mutum ne mai son kujerarsa da abincinsa.

Gwamnati ta raba mana takarda. Wai kada mu kalli hasken, kuma in mun yi wanka bayan abin ya fashe, kada mu sa man laushin gashi. Na nuna wa Kiko a shago, na shafa sanƙona na ce ni dai na tsira. Ya ƙwala mini a kunne, "Kawu, kai ko bam ɗin ya faɗo bayan gidanka, sai ka ce wa ke ƙwanƙwasa ƙofa!" Matarsa ta ce, "Rabu da shi, ai cewa zai yi a dawo gobe yana barci." Takardar ta kuma ce a nemi wuri mai zurfi a ɓuya. Ke 'yar Malesso' ce, kin sha kai furanni Tinta da Faha a watan Yuli, ramukan da sojojin Japan suka tura mutanenmu ciki suka kashe su. Mutanen garin nan ba sa shiga rami don wani ya ce su shiga.

Yanzu maganar uwarki. Gaskiya ne Allah yana ji daga ko'ina. Amma Engracia ta yi shekara arba'in tana techa, ita ce ke jan addu'ar carbi a gidan duk wanda aka yi wa rasuwa a garin nan, cikin ruwa da guguwa, ba ta taɓa cewa a biyo ta wani gari ba. A gidanta za a yi nata, a kan barandar da ta share da hannunta. Na riga na gaya wa Fada. Kiko zai kawo kujeru da rumfa, matarsa za ta dafa jar shinkafa da kelaguen na kaza a ranar ƙarshe.

Abu ɗaya ne ya ɗan karkace. Tan Rufina, wadda za ta ja mana addu'ar, 'ya'yanta sun kwashe ta zuwa Las Vegas. Ta zo sallama tana kuka, na ce mata, "Rufina, kin gudu daga makamin da ba a harbo ba, kin tafi garin caca. Wanne ya fi cinye mutane?" Ta kai mini duka da jakarta. Za mu samu wata.

Ki gaishe da Wayne, ki ce ya yi dariya, ba a hana soja ba.

Naki uba,
Isidro Chargualaf


Malesso', Guam
Agusta, 2017

Zuwa ga aminina, Pari Atanacio,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan zafin Texas bai gama gasa ka ba. Ga pugua nan, goronmu na gida, na aiko maka, ka tauna da haƙoran da suka rage.

Buƙata biyu gare ni. Ta farko, kai ne ka yi aikin igwa a Koriya, ka ci sanyinsu, ka ga tsaunukansu da idonka. Ni a taswira kawai na san su. Na rubuta wa Mila cewa mutanen nan ba za su harbo ba, kuma na yarda da abin da na rubuta. Amma ina so in ji daga bakin soja.

Ta biyu ta fi nauyi. Na ce wa Mila za mu samu wata techa. Pari, babu wata. Na tambaya har Humatak da Inalahan, waɗanda suka iya addu'ar da harshenmu ko sun mutu ko suna wajen 'ya'yansu. Wata yarinya ta ce za ta kunna mana a wayarta. Engracia, a waya! Mutum ɗaya ce ta rage wadda ta ɗauke ta kaf daga bakin uwarta, tun tana zama a gefen zanenta, ita ce Mila.

Ka san kunnena ya daɗe da tafiya. Duk shekarun nan bakin Engracia nake kallo in san inda za a amsa. Tana sane, kullum takan juya kujerarta ta fuskance ni, mutane suna tsammanin iska take nema. Da ta rasu, Rufina ta ja addu'ar tana ba ni baya. Kwana tara ina zaune a lisayun matata ban san lokacin cewa Amin ba.

Ba zan roƙi Mila ba, ta riga ta ɗauka na rikice. Amma kai ka riƙe ta ranar baftisma, kai ne Ninonta, kuma ba a yi 'yar Malesso' da za ta mayar wa Ninonta magana ba. Ka ce mata ta zo.

Naka har kullum,
Sidro


Killeen, Texas
Agusta, 2017

Sidro, tsohon kurma,

Na gaishe ka. Pugua ta iso, ta bushe kamar kai.

Ka makara. Wasiƙar Mila ta riga taka zuwa. Ita ma cewa ta yi, "Nino, Tata ba ya ƙin maganarka, ka ce masa ya hau jirgi." Kun mayar da ni igiya, kowa ya kama gefe yana ja.

Ga amsar soja. Lissafinka daidai ne, malam. Ba sa son yaƙi, so suke a bar su a kan kujera, kuma sun ga abin da ya samu waɗanda ba su da irin wannan makami. In caca ce, gidana zan sa a kan cewa ba za su taɓa Guam da gangan ba. Amma shekara ashirin na yi ina harba igwa, kuma na ga harsashi ya bar inda aka aike shi ya tafi inda ya ga dama. Wanda ya nufi teku daga nisan nan, ƙusa ɗaya ta kwance, sai ya samu tudu. Ga kuma manya biyu, nasu da na Amurka, suna yi wa juna ihu, kowa yana jin kunyar ya fara yin shiru. Ba niyyarsu nake tsoro ba, kuskurensu nake tsoro. Kaɗan ne, amma yana nan.

Sai abin da ba ka rubuta mini ba. Ka faɗi a gindin bishiyar lemmai watan jiya, ka kwanta a rana har matar Kiko ta zo kawo maka abinci ta tsince ka. Ka ce kada su faɗa. Sun faɗa. Mila ba Koriya kaɗai take tsoro ba, Pari. Koriya ta ba ta dalilin da ba za ka ji kunyarsa ba ne kawai.

Hukuncina gare ka: ka yi lisayun Engracia a gidanta, ina bayanka. Ana gamawa ka bi tikitin nan, likita ya duba ka. Abin da na rubuta wa Mila kuwa, tsakanina da ita ne.

Ka sa mini kyandir ɗaya a gaban hoton marigayiya Engracia.

Naka,
Atanacio Naputi


Malesso', Guam
Ƙarshen Agusta, 2017

'Yata Mila,

Ina gaishe ki, Allah ya tsare ku.

Kin ji sun harba ɗaya ya bi ta saman Japan ya faɗa teku. Kiko ya zo da jarida yana haki, na ce ya zauna ya sha ruwa. Ra'ayina bai sauya ba. Sun zaɓi hanyar da ba mu a kanta, sun ɗaga ƙafa sun nuna tsini, sun koma rami. Har yanzu ina cewa a gadona zan mutu, ba da hannunsu ba.

Amma na kwana ina juya wata magana ta Ninonki, cewa harsashi yakan bar inda aka aike shi. Na roƙe shi ya umarce ki ki zo ki ja addu'ar uwarki, don babu wata techa, kuma ban gaya miki ba. Yanzu na janye. In ya ce ki zo, na sauke miki. Tabbacin da nake da shi ya ishi tsoho mai shekara tamanin da uku ya zauna a barandarsa. Da na ɗora ki a kai, ke da yara biyu suna jiranki, sai na ga bai kai ba.

Za mu fara ranar da aka sa. Wata yarinya za ta kunna mana addu'ar a wayarta, Kiko ya ce zai taɓa mini gwiwa duk inda ake cewa Amin. Uwarki za ta yi dariya, ta yafe.

Bayan an gama zan zo, likitanku ya duba ƙugun da na buge ranar da na faɗi, wanda kowa ya san labarinsa ba tare da na faɗa ba. Sharaɗi ɗaya: ki mayar da tikitin ya zama na zuwa da dawowa. Akwai wuri a gefen Engracia, kuma ba a Washington yake ba.

Naki uba,
Isidro


Lakewood, Washington
Satumba, 2017

Tata,

Ina sumbatar hannunka.

Nino bai ce in zo ba. Cewa ya yi ya daina aika mutane inda shi ba zai je ba, in yanke da kaina. Na yanke. Wayne da yara suna nan, ni ina sauka ranar Alhamis. Har yanzu ina jin tsoro, kada ka yi mini darasi a filin jirgi.

Tikitinka na zuwa da dawowa ne.

Ina ta maimaita addu'ar a mota, akwai wurare biyu da nake tuntuɓe. Ka ce wa yarinyar nan ta ajiye wayarta. Ka ce wa Kiko ya fito da kujerar Nana, ya juya ta ta fuskanci taka. Na daɗe da sanin ba iska take nema ba.

'Yarka,
Mila