Jan Rai a Teburin Foka

Broken Hill, farkon watan Nuwamba

Zuwa ga Yayata Thelma,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya maigidanki Ron da jikoki, da mutanen Adelaide baki ɗaya? Na kira ki a waya ranar Talata, na yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo, ke kuwa ba abin da kike cewa sai wa ke magana. Tunda kin rantse ba za ki sa na'urar kunnen nan ba, na koma ga biro da takarda, sai ki yi haƙuri da rubutuna.

Mijina Clarrie yana gaishe ki. Tun da aka sako shi daga gidan yari ya gyara katangar baya, ya shuka tumatir, har ya fara tumbi. Sai dai kin san ɗaurin talala ne. Ba shiga mashaya, ba ɗaga wa kowa hannu. Ko ƙafa ɗaya ya zura ta ƙofar mashaya, zai koma ya ƙarasa shekarun da suka rage masa. Kin kuma san yadda ramin ma'adinai ya cinye masa huhu. Yaya, idan ya sake komawa, ba na jin zai fito da ƙafarsa. Wannan tsoron nake kwana da shi, da shi nake tashi.

Yanzu ga labari, amma don Allah kada ki yi mini wa'azi. Na shiga gasar karta. Foka ake ce mata, duk Lahadi da rana a mashayar otal ɗin bakin layin dogo. Ba a sa ko sisi, kwabban roba ake raba wa kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Wanda ya cinye gasar ƙarshe a watan Janairu za a kai shi Adelaide kyauta, har da masauki. Kin ga dalilina ke nan, in zo in gan ki a kuɗin wasu.

Clarrie ne ya koya mini a teburin kicin da tsinken ashana, shi kuma a gidan yari ya ƙware. Shi ya ce in je in sha iska, wai na ishe shi da ido kamar mai gadin tukunya. Yana kai ni a mota, ya ajiye ni a tsallaken titi, ya juya gida.

Rhonda ce mai raba mana karta, wadda take aiki a kantin magani. Akwai tsofaffin maza da ke kira na Kaka, ina ce musu kakarsu tana kabari. Akwai kuma wani Wade Hocking, direban babbar mota, ƙato mai baƙin tabarau ko a cikin inuwa, wanda yake jin shi ne ya ƙirƙiro wasan. Ranar farko ya ce mini ɗakin masu saƙa yana can baya. Na ce masa na gode, idan na gama kwashe kwabbansa zan je in saƙa masa hular da za ta rufe sanƙon nan. Teburin duka ya fashe da dariya, shi dai bai yi ba.

Ki gaishe mini da kowa. Ki riƙa shan maganinki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys

Broken Hill, tsakiyar watan Disamba

Yaya Thelma,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinki da na Ron, na samu katinki, na gode. Za ki ga rubutun nan ya karkace. Da hannun hagu nake yi, kuma abin da zan gaya miki ya tsaya tsakaninmu.

Ranar Lahadin da ta wuce waccan na kai teburin ƙarshe, har muka rage ni da Wade. Da safe na fito a gurguje, na bar tabarauna a gida. Kin san idona, idan ba shi, duk jar karta ɗaya ce a wurina, ba na bambance kartar zuciya da ta lu'ulu'u. Wade ya tura kwabbansa duka tsakiya, ni ma na tura nawa, don ina jiran zuciya ɗaya tak ta cika mini biyar iri ɗaya. Ya buɗe nasa, sarki uku. Rhonda ta ajiye karta ta ƙarshe, na ƙura ido, na ga kamar lu'ulu'u ce. Sai na yi ajiyar zuciya, na ce ya ci ni. Ya miƙe tsaye yana buga ƙirji, yana ce wa abokansa su sayo giya, har ya fara jan kwabban gabansa. Ni kuwa ina ta juya kartata ina jimami, can dai na ajiye ta a buɗe don a ga yadda na kusa. Rhonda ta duba, ta ce zuciya ce, ni na ci.

Na yi tsalle don murna, sai na ga ɗakin ya yi tsit. Ashe a wurin 'yan foka ba cin mutuncin da ya kai wannan. Idan kin san ke ce da nasara, nan take za ki buɗe. Ki bar mutum ya yi murna, ya tashi, sannan ki fito da abin da zai kashe shi, wannan jan rai ne, kuma a ganinsu gara ki zagi uwar mutum. Ni ina na sani? Clarrie ya koya mini wace karta ke cin wace, bai koya mini ladabin teburi ba. Na rantse wa Wade ban gani ba ne, Rhonda ma ta sa baki. Ya tofa yawu a kan kwabban, ya fita.

Da aka tashi na je bayan otal, inda Rhonda ta ajiye motarta, don ita za ta mayar da ni. Na buɗe ƙofa, na dafa bakinta da hannun dama zan shiga. Ban ji zuwan Wade ba. Ya sa ƙafa ya doki ƙofar ta datse mini yatsu, na ji ƙarar ƙashi kafin in ji zafin. Na faɗi a gwiwa, hannun yana ciki. Ya ja ƙofar baya, ya sake bugawa da dukan ƙarfinsa. Ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, “Yanzu kin samu dalilin yin nawa wajen buɗe karta, Kaka.”

Yatsu uku suka karye, farcen guda ya fita. Jini har cikin takalmina. Rhonda ta same ni ina amai a gefen taya, ta ɗauko waya za ta kira 'yan sanda, na riƙe ta da hannun da ya rage ina roƙonta. Yaya, a garin nan idan 'yan sanda suka ji da rana, kafin la'asar Clarrie ya ji. Idan kuwa ya ji, kin san mutumin da ya karya wa shugaban aikinsu muƙamuƙi saboda ya shuri karensa, me zai yi a kan matarsa.

Na ce wa Clarrie iska ce ta rufo mini ƙofar mota. Ya daɗe yana kallon hoton ƙashin da likita ya ba mu, sannan ya ce lallai iskar nan da naci take, har ta dawo ta ƙara. Shi ke yi mini wanka yanzu, shi ke yanka mini nama a faranti, shi ke ɗaure mini igiyar takalmi.

Ina jin haushi, Yaya, haushin da ban taɓa ji ba. Ina ganin Wade a kantin burodi yana ɗaga mini yatsu yana kaɗawa, ni kuma dole in yi murmushi don Clarrie yana mota yana kallo. Za ki ce in bar wasan. Ba zan bari ba. Na samu gurbi a gasar ƙarshe da guminna, ba ɗan iskan da zai kore ni.

A gaida yara, a ce musu kyautar Kirsimeti tana hanya.

Taki har kullum,
Glenys

Broken Hill, ƙarshen watan Janairu

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan zafin nan bai takura miki ba, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Ni dai ba lafiya ba. Na san Ron ya ga wani abu a jarida, gara ki ji daga bakina.

Ranar gasar ƙarshe na tashi da faɗuwar gaba, na sake barin tabarau a teburin kicin. Sai da Clarrie ya sauke ni ya tafi na lura. Rhonda ta ciro nata na karatu ta ba ni, ya kuwa zauna mini daidai, ina ganin komai tar. Ki riƙe wannan, don shi ne abin da ya hana ni barci.

An cika maƙil, fanka tana ta juya iska mai zafi. Na yi wasan da ban taɓa yi ba, da hannun hagu, na dama yana naɗe a ƙirjina. Tsofaffin nan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi sai ya ce Kaka ta gama da shi. Wajen la'asar muka sake ragewa ni da Wade. Duk lokacin da zan ɗauki karta sai ya ce in yi a hankali, kada iska ta sake kaɗawa. Wasu suka yi dariya, don ashe rabin ɗakin sun san abin da ya faru.

Sai aka raba mini as biyu, kartar da ta fi kowace girma. Aka buɗe na tsakiyar tebur, waɗanda kowa ke haɗawa da nasa, ga sauran as biyun nan sun fito. Duk duniya ba abin da zai ci wannan a teburin. Wade ya tura komai nasa, na ce na bi. Ya watsa kartarsa a buɗe yana dariya, karta mai kyau ce ƙwarai, wadda a wata rana da ta ci.

Na san abin da ya kamata in yi. Na san shi sarai, an koya mini da ƙashina. Amma na kalli yatsuna, na kalli bakinsa, sai wani abu ya taso mini. Na cire tabaraun Rhonda na ajiye. Na kawo kartar kusa da hanci, na kanne ido, na ce wayyo idona, ban san me nake riƙe da shi ba. Rhonda ta ce a hankali, Glenys, kar ki yi. Na yi ajiyar zuciya irin ta wancan karon. Na bar shi ya miƙe, na bar shi ya ɗaga hannu sama. Sannan na ajiye as ɗaya, na dakata, na ɗora ɗayan a kai, ina kallon tsakiyar idonsa. Wallahi daɗin da na ji a wannan lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Ya kifar da teburin a kaina. Kafin in tashi ya damƙi hannun da ya karye ya murɗe, na ji ƙasusuwan da suka fara haɗewa sun sake rabuwa. Ya ɗauki kofin giya ya fasa mini a goshi, jini ya rufe mini ido. Maza cike da ɗaki, kowa ya ja baya.

Ta cikin jinin na hango Clarrie a bakin ƙofa. A waje yake tsaye, kan dakalin, inda doka ta yarda ya tsaya, yana miƙa wa wani mutum wani abu a hannu don a kawo mini. Na ga ya dubi ƙasa, ya dubi bakin ƙofar, ya tsallako.

Ba zan iya rubuta miki duka ba. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ya kama Wade ta ƙeya ya buga fuskarsa a ƙarfen da ake ɗora ƙafa a gindin kantar sayar da giya, ya ɗaga ya sake bugawa, ya yi ta yi. Haƙora suka zube cikin kwabban roba. Da Wade ya daina motsi, Clarrie ya jawo hannunsa na dama ya shimfiɗa a ƙasa, ya taka da dugadugin takalmin aiki har sai da ya ji abin da yake son ji. A nan na gane ya sani tun farko. Rhonda ta ce tun washegarin karayata aka gaya masa a gidan mai. Makonni yana yanka mini nama, yana ganin mutumin nan a titi, yana haɗiyewa saboda ni.

Sannan ya zauna a kujera yana tari, ya jira 'yan sanda. Jirgin likitoci ya ɗauki Wade zuwa Adelaide, kin ga shi ya riga ni zuwa. An ce zai rayu, amma ido ɗaya ya tafi. Ni an yi mini ɗinki a goshi, an sake ɗaure hannun. Masu gasa sun aiko cewa kujerar Adelaide tawa ce, na ce su ba kare.

Lokacin da za su sa Clarrie a mota, ya roƙi ɗan sandan ya ɗan tsaya. Ya ciro tabarauna daga aljihun riga da hannuwansa masu ankwa, ko tsagewa bai yi ba. Ya ce, “Na gan shi a tebur, na ce bari in kawo miki kada a sake samun kuskure. Na makara, Glen. Ba laifinki ba ne, ba ki gani ba.”

Yaya, na gani. Rhonda ta sani, yanzu ke ma kin sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, kuma lauya ya ce sauran shekarun baya za su hau kansa, ga sabuwar shari'a a gaba. Ranar Asabar za a bar ni in ziyarce shi. Na yi ta shirya yadda zan gaya masa, kullum sai in tsaya a rabi, don wannan maganar ita kaɗai ce yake riƙe da ita a can ciki.

Tumatirinsa sun nuna, sun fi ƙarfina, ina raba wa maƙwabta. Idan ƙafarki za ta iya zaman motar haya, ki zo. Ba sai kin sa na'urar kunnen ba, ba magana nake so ba, ki dai zauna kusa da ni.

Ki sa shi a addu'a kafin ni.

Ƙanwarki,
Glenys