Uwar Kifi a Bokitin Anselmo

Litinin, 3 ga Afrilu

Na ɓoye sandar fatsar mijina Anselmo a bayan buhun wake. Mutumin da ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa tun ciwon bara, wai shi ne zai tsaya cikin igiyar ruwa? Igiya ɗaya ta ishe shi. Ban shirya zama gwauruwa ba.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Bai taɓa tortiyarsa ba, gurasar masarar da na gasa masa. Yana zaune a taga yana shinshina iska.

"Tsohuwa, moharra sun shigo bakin gaɓa," in ji shi. "Suna can cikin kumfa suna kiwo."

Na ce su yi ta kiwonsu. Shekara arba'in ina wanke masa wando mai ƙarnin kifin nan, ya isa haka.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ya rame. Ko gardama ya daina yi da ni, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Talata, 25 ga Afrilu

Na sallama. Da sharaɗi: a busasshen yashi zai tsaya, ni kuma ina riƙe da ɗamararsa ta baya. Ya tono ƙananan ƙaguwar yashi ya sa a ƙugiya. Jifa na uku sai ga moharra, ƙatuwa, ciki ya yi tim.

Ya sa ta a bokitin ruwa, sai ya ƙura wa cikinta ido. A garinmu San Kintin ba mai kai kifi mai ciki gida, ko yunwa za ta kashe shi. Moharra ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi. Kuma ta fara! 'Ya'ya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wutsiya a gaba, kowanne kamar ɗan yatsana, da idonsa da komai, yana iyo.

"Ofelia, ruwan zai yi musu zafi, su mutu!"

Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya dube ni. Kai, wannan kallo.

Ni da ban taɓa barin teku ya wuce idon sawuna ba, na suri bokiti na shiga har gwiwa. Sanyi kamar zai tsinke ƙashi. Na karkata shi a hankali, uwa ta fita, 'ya'yan suka bazu cikin kumfa.

Da na juyo, yana zaune a yashi yana dariya har da hawaye.

"Sannu, ungozoma!"

Na ce ya rufe mini baki. Ya cinye tortiya huɗu da muka koma. Ina son tsohon nan, Allah ya sani.

Laraba, 26 ga Afrilu

Mura ta kama ni, laifinsa ne. Sandar tana jingine a bakin ƙofa, ban sami lokacin mayar da ita ba. Na tambayi maƙwabciya ina ake sayar da dogon takalmin roba. Ƙafa ƙarama irin tawa, na ce mata.